Abin da ya sa burawni ke komawa kek, kukis ke komawa dutse

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ɗiyar yayata ta taso tun daga Rigasa ta same ni a Tudun Wada, riƙe da tire an lulluɓe shi da leda. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta yaye ledar ta ce, "Anti, don Allah ki duba min. Wallahi duk abin da matar ta yi a bidiyon shi na yi." Burawni ta so yi, wato wani gashin cakulan mai danshi wanda ba ya tashi kamar kek. Na gutsuri gefe na kai baki. Kek ne mai launin ƙasa, ya tashi ya yi tozo a tsakiya, cikinsa a bushe, sai marmashi ke zuba. Na tambaye ta ko ta sa bekin hoda. Ta ce ta ƙara cokali ɗaya don ta ga kamar ba zai tashi ba. Na ce wane koko ta sa? Ta ce garin shayi na gwangwani. Na ce yaushe ta sauke? Ta ce sai da ta soka tsinken sakace ya fito fes, babu ko ɗigon ƙwaɓi.

Ban ga laifinta ba, domin kowace cikinmu da kek ta fara. Uwar da ta koya miki kek ta ce ki buga bota da sukari har su yi fari, ki sa hoda ya tashi, kada ki sauke sai tsinke ya fito a bushe. Duk gaskiya ne, amma ga kek. Burawni kuwa kishiyar wannan yake so, shi ya sa hannun da ya fi ƙwarewa a kek shi ya fi saurin ɓata shi.

Burawni da kukis masu ɓarɓashin cakulan, wato wani irin biskit mai taushin tsakiya, dukansu daga Amurka suka zo mana. Labarin da aka fi bayarwa shi ne a shekarar 1893, lokacin babban baje kolin duniya na birnin Shikago, wata attajira mai suna Bertha Palmer ta nemi masu girkin otal ɗin Palmer House su yi mata wani abin zaƙi wanda bai kai kek girma ba, wanda za a iya sa wa mata a kwalin abinci. Kukis masu cakulan kuma ana danganta su da Ruth Wakefield, mai gidan abincin Toll House a jihar Masacusets, a ƙarshen shekarun 1930. Na kawo wannan ne don a gane cewa waɗanda suka rubuta ƙa'idojin girke-girken nan sun rubuta su ne don kicin mai sanyi, da bota ta madarar saniya, da kofin awo iri ɗaya a kowane gida, da obin mai faɗin gaskiya. Mu kuma a Kaduna muna da zafin watan Maris da Afirilu, da ƙurar hunturu, da laimar damina, da wutar da ba ta sallama idan za ta tafi. Wadda ta kwafi bidiyo ba tare da ta san aikin kowane sinadari ba, ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya mata lissafi ba za ta san inda za ta gyara ba.

Mu fara da fulawa, domin a nan yawancin ɓarnar take. A cikin garin alkama akwai wasu sinadarai biyu waɗanda da zarar sun haɗu da ruwa aka juya su, sai su sarƙe su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne wanda kike gani yana miƙewa kamar roba a ƙwaɓin fanke ko na burodi. Mai burodi nemansa yake yi, shi ya sa yake murza ƙullu har ya gaji. Mai burawni gudunsa take yi. Saboda haka fulawar burawni kaɗan ce ƙwarai, har idan kika ga adadinta sai ki ɗauka an yi kuskure, kuma da zarar ta shiga ƙwaɓin juyawa kaɗan ake yi, a daina da an daina ganin farin gari. Fulawar da ake aunawa a mudu a kasuwa sau da yawa daga buhun masu burodi take, wadda ta fi ƙarfin danƙo. Tana yi, amma ita ce ta fi buƙatar a sassauta hannu.

Sai maganar awo. Kofin da ake nufi a girke-girken Amurka yana ɗaukar kusan mililita 240. Gwangwanin madara da muke awo da shi bai kai haka ba, kofin shayi kuma kowane gida da irin nasa. Ko da ainihin kofin ne, fulawar da aka tankaɗe aka zuba da cokali tana kai giram 120 zuwa 125, wadda aka dumbuza aka danna kuwa tana iya haura 150. A kek mai fulawa da yawa wannan bambanci yana ɓuya. A burawni da gaba ɗaya fulawarsa ba ta wuce giram 70 ba, ƙarin giram 30 ya kusa rabin abin da aka nema. Ni dai a ganina ƙaramin sikelin kicin ya fi injin buga ƙwai amfani nesa ba kusa ba, kuma ana samunsa wajen masu kayan kek a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan saya wa mai koyo, shi zan saya.

Ga awon da nake yi wa gwangwani mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe: bota giram 150, sukari 240, garin koko 75, ƙwai manya biyu, fulawa 70, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dubi yadda sukari ya ninka fulawa fiye da sau uku, mai ya ninka ta sau biyu. Babu hoda, babu soda. Wannan rinjayen mai da sukari a kan gari shi ne burawni. Idan kika ƙara fulawa, kika ƙara ƙwai, kika sa hoda, kin kama hanyar kek ke nan, kuma akwai masu son sa haka, mai ɗan laushi da tashi. Babu laifi, in dai da saninki kika yi.

Sukari kuwa mutane da yawa suna ɗaukarsa kayan zaƙi kawai, shi ya sa za ki ji mace ta ce ta rage rabi saboda maigida ba ya son zaƙi, sannan ta yi mamakin yadda abin ya bushe. Sukari yana jan ruwa ya riƙe, shi ke hana burawni bushewa. Yana kuma hana gulutin sarƙewa, don yana ƙwace ruwan da fulawa za ta sha. Sannan wannan siririn ɓawo mai sheƙi da ke tsattsagewa a saman burawni, wanda kowa ke nema don hoto, daga narkakken sukari yake fitowa. Idan ƙwayoyin sukarin ba su narke cikin ƙwaɓin ba, saman zai fito a dushe. Sukarin da muke saya a mudu yakan zo da manyan ƙwayoyi, saboda haka ni nakan narkar da botar a kan wuta kaɗan, in zuba sukarin tun tana da zafi in juya, in bari ya huce har in iya riƙe yatsa a ciki, sannan in fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya in buga da ƙarfi na minti biyu zuwa uku. Sai in ɗan murza ƙwaɓin tsakanin yatsu biyu. Idan na ji kamar yashi, da saura. Idan ya yi sumul yana ƙyalli, ya yi. Wanda ke tsoron zaƙi ya rage kashi ɗaya cikin goma, ko ya yanka burawnin ƙanana, ko ya ƙara ɗan garin kofi wanda ke fito da ɗacin cakulan.

Yanzu ga koko, kuma ba kokon da ake sha da ƙosai nake nufi ba. Milo da Bournvita abin sha ne, an haɗa su da sukari da madara da tsiron hatsi, kokon da ke cikinsu kaɗan ne. Suna da daɗi a kofi, amma ba za su ba wa burawni duhu da ɗacin da yake bukata ba. Ainihin garin koko ba shi da zaƙi ko kaɗan, idan kika lasa sai kin yamutsa fuska. Iri biyu ne. Akwai wanda aka bari yadda yake, mai launin ƙasa-ƙasa da ɗan tsami. Akwai kuma wanda aka kashe tsaminsa da sinadari irin dangin kanwa, ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya yi taushi. Wannan dabara daga ƙasar Holan ta fito, daga gidan Van Houten, waɗanda a 1828 suka samar da injin matse mai daga ƙwayar koko har aka iya mai da ita gari. A burawni marar hoda kowanne kika samu zai yi. Inda bambancin ke da muhimmanci shi ne girkin da aka ce a sa bekin soda, domin soda sai da tsami take aiki. Idan kokon ba shi da tsami kuma babu wani abu mai tsami a ƙwaɓin, sodar za ta zauna ba ta yi komai ba, ki ji ɗanɗano kamar na sabulu a baki.

A nan ya kamata a raba bekin soda da bekin hoda, domin na sha ganin ana musanya su kamar abu ɗaya ne. Soda ita kaɗai ce, tana jiran tsami daga waje, kamar nono, lemon tsami, jan sukari ko koko mai tsami. Hoda kuwa soda ce da aka riga aka haɗa da nata tsamin da ɗan sitaci, ruwa da zafi kawai take jira. Soda ta fi hoda ƙarfi kusan sau uku zuwa huɗu. Wadda ta san yadda kanwa ke yi wa miyar yakuwa ta riga ta san rabin wannan darasi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne tsadar koko a ƙasar da ke nomansa. Nijeriya tana cikin manyan masu noman koko a duniya, jihar Ondo ce kan gaba, kuma dogon benen nan na Ibadan da ake kira Cocoa House, wanda aka kammala a 1965, da kuɗin koko aka gina shi. Amma yawancinsa ɗanye ake fitar da shi, a sarrafa a waje, ya dawo mana a kwali da tsada. Ga shi kuma a 2024 farashinsa a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan kowane tan a karon farko, bayan cututtukan bishiya da rikicewar yanayi sun lalata amfanin gona a Kwaddibuwa da Ghana, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Duk mai sayen koko a leda ta ji wannan a jakarta. Kuma idan abu ya yi tsada, algus yakan biyo baya. Kokon da aka ƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata, ki shinshina, ki lasa, ki jiƙa kaɗan da ruwan zafi ki ga ko ƙamshin cakulan zai taso. Idan launi kawai ya bayar, ki bar shi.

Cakulan na sanda shi ma iri biyu ne a kasuwa. Na ainihi da man koko ake yinsa, wanda ke narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a harshe. Shi ya sa kuma a watan Afirilu, lokacin da zafin Kaduna ke haura wannan, yake narkewa a jaka kafin ki iso gida daga kasuwa. Ɗayan kuma an cire man koko an sa man kayan lambu, kamar man ƙwarar manja. Ya fi araha, ya fi jure zafi, amma yana barin wani maiƙo a dasashi kamar kyandir. Ga mai sayarwa da za ta ba ɗan acaɓa ya kai Barnawa da rana tsaka, na biyun yana da ranarsa. Ga wadda za ta yi wa iyalinta, gara ta sa na ainihi kaɗan da ta cika na biyun. Idan za a narkar da shi, a ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, kada gindin kwanon ya taɓa ruwan, kuma kada ko ɗigo ɗaya ya faɗa ciki, domin ɗigon ruwa yana sa cakulan ya dunƙule ya zama kamar tuwo. Farin dabbare-dabbaren da kan fito masa bayan ya narke ya sake daskarewa ba ruɓewa ba ne, man ne ya taso sama, kuma a ƙwaɓi ba ya hana komai.

Sai mai. Mu a nan komai bota muke ce masa, alhali abu uku ne. Botar madarar saniya kusan kashi 80 cikin ɗari mai ce, sauran ruwa ne da ɗan madara. Majarin na masu kek, irin wanda ake yankowa a auna, da man kayan lambu ake yinsa, kuma yawan mansa ya kusa na bota, don haka yana yin aikin, sai dai ƙamshin bai kai ba. Na uku shi ne na shafa wa burodi da ke cikin roba, wanda wasu nau'o'insa ruwa ya yi musu yawa. Wannan ruwan yana shiga fulawa ya tayar da gulutin, ya zama tururi ya kumbura ƙwaɓin, sai ga kek. A duba jikin robar, ana rubuta yawan man. Ni kuwa abin da na fi so in faɗa wa mata shi ne kada su raina man shanu. Soyayyen man shanu namu na gida kusan babu ruwa a cikinsa, mai ne zalla, ga ƙamshin da bota ta kanti ba ta da shi. A burawni nakan sa giram 125 a maimakon 150 na bota, in ƙara cokali biyu na madara don mayar da ruwan da ya rasa. Sai dai a samu mai kyau wanda bai yi tsami ba, domin duk warin da ke cikinsa zai fito a gashi. Man gyaɗa ma yana yin burawni mai taushi har kwana uku, amma ba ya yin kukis masu kyau, don ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe iska.

Kukis kuwa ba baƙi ba ne a wajenmu kamar yadda ake zato. Duk wadda ta taɓa zama ana haɗa gara ta ga gireba, wato fulawa da sukari da mai, a mulmula a yayyafa riɗi a gasa. Dangi ɗaya ne. Abin da ya bambanta kukis masu cakulan shi ne ƙwai, da jan sukari, da ɗan soda, da kuma cewa ana son gefensu ya yi ƙaras-ƙaras, tsakiya ta zauna da taushi.

Duk abin da ke faruwa da kukis a obin tsere ne tsakanin abu biyu. Da zarar zafi ya taɓa ƙwallon ƙullun, mai zai narke ya fara bajewa. A can gefe kuma ƙwai da fulawa suna daskarewa su tsayar da shi. Idan mai ya riga, sai kukis su baje su haɗe da juna su zama faifai ɗaya. Idan daskarewa ta riga, sai su zauna a dunƙule kamar yadda aka ajiye su. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35. To ki duba kicin ɗinki da ƙarfe biyu na rana a bazara, ga zafin gari ga na obin. Kafin ki gama mulmulawa botar ta riga ta saki, ta shiga tseren da rata. Idan girki ya ce a bar bota ta yi taushi a ɗaki, ɗakin da suke nufi yana wajen digiri 20 ne, irin sanyin safiyar hunturu a nan. Botar da ta dace ita ce wadda za ki danna da yatsa ya lotsa, amma ba ta ƙyalli ba ta malala. Shi ya sa sanya ƙullun a firij na awa ɗaya, ko ma ya kwana, yake gyara kukis sosai. Man ya daskare, fulawar ta sha ruwanta a hankali, ɗanɗanon ya zauna. Idan babu wuta, a sayi ƙanƙara a sa a kula, a ɗora ƙullun cikin leda a kai. Idan wannan ma babu, a yi ƙwaɓin bayan sallar asuba a gasa kafin rana ta ɗaga. Kuma kada a jera sabon ƙullu a kan tiren da ya fito daga wuta yanzu, a bari ya huce tukuna.

Farin sukari yana sa kukis su baje su yi ƙaras. Jan sukari, wanda ruwan rake mai duhu ke jikinsa, yana riƙe laima ya sa su yi taushi da ɗan danƙo, kuma ɗan tsaminsa ne ke tayar da soda. Jan sukari na kwali yana da tsada, mu kuwa ga mazarƙwaila, wadda ba komai ba ce illa ruwan rake da aka dafa ya daskare ba a tace shi ba, kuma ƙasar Maƙarfi da ke nan jiharmu ta yi suna wajen rake. Na daɗe ina amfani da ita. Nakan kankare ta da wuƙa ko in daka a turmi, in tankaɗe don fitar da tsakuwa da ɓawon rake, in haɗa da farin sukari. Ƙamshin da take ba kukis, musamman idan an sa soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza a maimakon 'ya'yan itacen waje masu tsada, ni dai ban ga abin da ya kai shi ba. Awona shi ne bota giram 115, mazarƙwaila 100, farin sukari 60, ƙwai ɗaya, fulawa 180, rabin ƙaramin cokali na soda, rabin na gishiri, da yankakken cakulan 150. Gishirin nan kada a bar shi, in babu shi zaƙin salam yake fitowa. Masu sa banila kuma su karanta kwalbar, domin ainihin ruwan banila na Amurka da barasa ake jiƙa shi, dokarsu ma ta ce kada ta gaza kashi 35 cikin ɗari. Akwai na gari da wanda aka rubuta babu barasa, ga wadda take son kauce wa shakka.

Saura wuta, wadda ita ce ke yanke hukunci. Yawancin girke-girken nan digiri 180 suke nema, wanda shi ne 350 a ma'aunin Amurka, lamba 4 a obin gas irin na Ingila. Na taɓa ganin wadda ta ga 350 ta murɗa obin ɗinta har ƙarshe tana neman lambar. Kuma lambar da ke jikin maɓalli ba lallai ita ce zafin da ke ciki ba, musamman ƙananan obin na lantarki da wutarsu ke kusa da abinci, da na gas da ke cin gindi su bar sama fari. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayewa a ciki yana warware wannan. Don sanin inda obin ɗinki ya fi zafi kuma, ki jera yankan burodi a tire ki gasa na 'yan mintuna, inda ya fara ƙonewa nan ne, sai ki riƙa juya tire a rabin lokaci. A kunna obin minti goma sha biyar kafin a sa komai.

Wadda ba ta da obin ba ta rasa ba. Babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa kamar kaurin yatsu biyu, a ɗora wani ƙarfe ko gwangwanaye don gwangwanin gashin kada ya zauna kan yashin, a rufe ya yi zafi tukuna. Matsalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa yake zuwa, don haka a rage wutar ƙasa, a zuba ɗan garwashin gawayi a kan murfi. Burawni yana yin kyau a haka fiye da yadda ake tsammani, tunda ba tashi yake nema ba. Idan aka buɗe, a goge gumin murfin kafin a mayar, kada ya ɗiga a saman.

Lokacin saukewa shi ne abin da ya fi wa mai koyo wuya, domin sai ta saɓa wa idonta. Burawni na awon da na faɗa yana ɗaukar minti 22 zuwa 28. Gefe zai tsaya, sama ya yi ɓawo, tsinken da aka soka a tsakiya ya fito da ɗan danshin marmashi manne da shi. Idan ya fito da ruwan ƙwaɓi, a ƙara minti uku. Idan ya fito fes, an wuce. Dalili kuwa gwangwanin da ƙwaɓin suna riƙe da zafi, gashin yana ci gaba bayan an sauke, sannan mai da cakulan suna daskarewa yayin hucewa. Da ɗiyar yayata ta sake gwadawa a kicina, da na ce ta sauke a minti 24 sai ta tsaya riƙe da tsumma tana kallona ta ce, "Anti, tsakiyar fa ɗanye ne." Na ce ta sauke ta ajiye kan taga, kada ta taɓa sai bayan la'asar. Da ta yanka da wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi aka goge, yankan ya fito da kusurwa tsaf, cikinsa baƙi mai danshi, ɓawon sama yana tsagewa ƙarƙashin wuƙar. Kukis ma haka ne, minti 10 zuwa 12, a sauke da gefe ya yi ja alhali tsakiya tana kama da ba ta gama ba, a bar su kan tiren minti biyar kafin a ɗaga. Wadda ta jira tsakiya ta yi tauri a cikin obin, idan suka huce sai an jiƙa su a shayi.

Ɗanyen ƙullu kuma a hana yara lasa, komai naci, saboda ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa dukansu suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Ajiya ta danganta da watan da ake ciki. Da hunturu iska tana tsotse laimar komai, burawnin da aka bari a buɗe da safe kafin yamma ya bushe, ƙullun kukis ma yakan tsattsage, har nakan ƙara masa cokali ɗaya na madara. A wannan lokaci nakan jefa yankan burodi ɗaya cikin robar kukis, su ja laimarsa su zauna da taushi. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, sukarin da ke cikinsu ne ke jan laimar iska, kukis su yi laƙwas cikin kwana ɗaya, burawni kuma yana iya yin fumfuna idan ya wuce kwana uku a waje. A bari su huce sarai kafin a rufe, domin gumin da ke taruwa a murfi shi ke fara ɓata su, a sa a roba mai rufuwa gam, kada a haɗa kukis da burawni a mazubi ɗaya. Kukis ɗin da suka yi sanyi kuma a mayar da su obin mai zafi na minti uku zuwa huɗu, a bari su huce a kan rariya.